Bugun zuciya da rashin barci sun dame ni a Makka

'Yan uwa Hausawan Saudiyya, a taimaka mini da shawara. Wata huɗu ke nan, da na kwanta sai gabana ya riƙa faɗuwa, numfashi ya yi guntu, tafin hannuna ya jiƙe da gumi, wani lokacin har kiran sallar asuba ban runtsa ba. Likita ya auna zuciyata da jinina, ya ce lafiya lau, damuwa ce. Tunanin iƙamata (takardar izinin zama) da ta kusa ƙarewa da kuɗin da nake aika wa gida Kano ba ya barina. Na daina shayin dare, ina ruƙiya, abin bai sauya ba. Shin damuwa kaɗai na iya ƙulle ciki ta hana cin abinci? Wanda ya taɓa ganin likitan ƙwaƙwalwa a nan, ta ina ya fara?