Ƙauyen Kruszyniany a Poland: ina yake, kuma ya aka yi Musulmi suka zauna can?

Ɗan_Birni: Salamu alaikum jama'a. An ce akwai wani ƙauye a Poland mai masallacin katako tun zamanin da. A wane yanki yake, kuma su waye suka gina shi?

Malam_Tarihi: Wa alaikumus salam. Kruszyniany ke nan, a lardin Podlaskie, arewa maso gabashin ƙasar, daf da iyakar Belarus. Tatar ne suka zauna can, wata al'ummar Musulmi mai asalin Turkawa, waɗanda ake kira Lipka, mayaƙan doki da suka daɗe suna yi wa sarakunan Poland da Lithuania aiki. Bashin albashi ne ya kawo su. Baitulmali ta kasa biyansu, sai Sarki Jan III Sobieski ya ba su filaye a madadin kuɗi a 1679, a nan da kuma ƙauyen Bohoniki. Jagoransu a Kruszyniany shi ne Kanar Samuel Murza Krzeczowski. Masallacin da ke tsaye yanzu na ƙarni na 18 ne, kore, kuma daga waje sai ka rantse coci ne, domin kafintocin yankin irin ginin da suka iya ke nan. Ciki kuwa ga mihrabi, ga ɓangaren mata daban.

Hajiya_Bilki: Malam, ka manta da abin da ya fi burge ni. Harshen Tatar ya ɓace musu tun da daɗewa, amma littattafansu na addini sun rubuta su da Polanci da Belarusanci cikin haruffan Larabci, kamar ajaminmu. 'Yan Sunna ne, mazhabar Hanafi. Bayan masallacin akwai maƙabartarsu cikin itatuwa, suna ce mata mizar.

Matafiyi_77: Daga Warsaw a hau jirgin ƙasa zuwa Białystok, daga nan kusan kilomita 60 ne ta garuruwan Supraśl da Krynki. Inda mutane ke kuskure shi ne dogaro da bas, ba ta zuwa sosai, gara motar haya. A riƙe fasfo a jiki, masu gadin iyaka na tsayar da motoci. Daga Satumba 2021 har tsakiyar 2022 ma an rufe yankin ga baƙi saboda rikicin 'yan ci-rani, don haka a bincika halin da ake ciki kafin a kama hanya.