Saba a cikin manhaja: ku ba mu labarin abin da kunka gani

Mai tambaya, Arkilla:
Salamu alaikum 'yan uwa. Ina haɗa ma wani kantin magani manhajar lissafin kaya da Spring Boot (kayan gina manhaja da yaren Java), na ga Tomcat ɗin, wato saban da ke amsa buƙatun burauza, cikin jar (fayil ɗin manhajar) yake zaune, ba sai na girka saba daban ba. Waɗanda sunka taɓa barin irin wanga shi yi aikin gaske, ya kunka ƙare da shi?

Daga Mabera:
Wa alaikumus salam. Sauƙi kam akwai, fayil guda ka zuba a filasha ka kai kwamfutar shago, ka buga java -jar ya tashi a port 8080 (lambar ƙofar da ake shiga manhajar), shike nan. Amma ranar da anka ɗauke wuta anka tada janareto, kwamfuta ta dawo manhaja ba ta dawo ba, mai shago na ta kirana ni kuma ina bisa kabu-kabu da tsakar rana. Sai da na sa ta a systemd, mai tada manhajoji in an kunna Linux, sannan ta koyi tashi da kanta.

Daga Runjin Sambo:
Malam in shafukanka JSP ne (wani salon rubuta shafin yanar gizo da Java) dakata, ba su aiki cikin jar, ko ka maida shi war (wani nau'in fayil ɗin manhaja) ko ka koma Thymeleaf (wani salon rubuta shafin). Kwana biyu na yi ina zargin kaina.

Wata 'yar uwa, Gawon Nama:
Ku dai bambanta saban gwaji da na aikin gaske don Allah. Ni php -S na bar ma wata makaranta, ƙaramin saban da ke zuwa da yaren PHP tun sigar 5.4, ashe buƙata guda yake amsawa a lokaci guda, malami ɗaya ya danna fitar da sakamakon aji duk sauran sunka tsaya cak suna kallon allo, kunya kamar in nutse. Na gwaji ne, haka na Flask (kayan gina manhaja da yaren Python), shi har gargaɗi yake rubuto maka. Tomcat na Spring Boot kuwa na gaske ne, zare 200 yake zuwa da su, wato yana iya aiki kan buƙata 200 a lokaci guda.

Daga Mabera:
Gaskiyarki Malama. Sai dai kowace manhaja da JVM ɗinta (injin da ke gudanar da Java), uku na tada a kwamfuta mai RAM 4GB ta koma tafiyar hawainiya. Kuma in an toshe wata ɓaraka a Tomcat dole ka sake gina jar ka kai, shago nawa ka ba duk sai ka bi su.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai. To port 80 fa, ƙofar da burauza ke zuwa kai tsaye? Linux ya hana ni, wai duk ƙasa da 1024 sai root, wato babban mai iko da kwamfutar.

Daga Runjin Sambo:
Kar ka ba shi root. Sa Nginx (wani saba daban) gaba ya riƙe 80 da 443 (ƙofar https), ya riƙa miƙa ma 8080. In ka shigo gari gobe taho da laptop ɗin mu duba.