Ɗan yayata na son komawa kwana wurin masu zanga-zangar Wall Street, ya zan yi da shi?

Direban tasi, Bronx (2 ga Nuwamba, 2011)

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da ɗan yayata a hannuna, shekararsa ashirin da ɗaya, ya zo da bizar karatu bara, yana wata kwaleji a nan New York. Yaro ne mai natsuwa, ban taɓa kama shi da wani abin assha ba. Tun tsakiyar watan Oktoba ya fara zuwa dandalin Zuccotti duk Asabar da Lahadi, wurin mutanen nan da suka kafa tantuna kusa da Wall Street, titin manyan bankuna da kasuwar hannun jari. Da farko na ɗauka kallo ne kawai. Yanzu ya ce zai ɗauki bargo ya riƙa kwana can, wai yana taya su aiki a kicin.

Na yi masa faɗa, sai ya ce, "Kawu, kai da kake tuƙi awa goma sha biyu kullum, me ka tara? Ai don irinku ake yi." Wallahi na rasa amsa, don maƙwabcina ma banki ya karɓe masa gida shekara biyu da suka wuce, yanzu yana haya da iyalinsa a ɗaki biyu. Amma uwarsa amana ta ba ni, gona aka sayar aka biya kuɗin makarantar nan. In hana shi da ƙarfi? In kira ta in faɗa mata? Ko in ƙyale shi? Ban ma gama gane abin da mutanen suke nema ba.

Hajiya mai kitso, Harlem

Wa alaikumus salam. Alhaji, hana shi. Ba sai an yi dogon bayani ba. 'Ya'yan Turawa in an kama su da safe, da yamma lauyan ubansu ya fito da su. Naka baƙar fata ne, Musulmi ne, baƙo ne. Mun manta Amadou Diallo, saurayin nan ɗan ƙasar Guinea? A Bronx ɗin taku ce, 1999, harsashi arba'in da ɗaya 'yan sanda suka harba masa yana bakin ƙofar gidansu, ba zanga-zanga ya je ba. Faɗan da ya fi ƙarfinka sai ka mayar da shi wasa.

Tsohon ɗalibi, Brooklyn

Hajiya, tsoronki na kan hanya, amma bari in amsa wa Alhaji ɗaya tambayar tukuna, don ba zai iya lallashin yaro a kan abin da bai fahimta ba.

Tushen abin rikicin kuɗi na 2008 ne. Manyan bankuna sun yi ta ba mutane bashin sayen gida da suka san da wuya su iya biya, suna tattara basukan suna sayarwa gaba kamar haja. Da farashin gidaje ya faɗi, komai ya rushe. Bankin Lehman Brothers ya durƙushe a watan Satumba na shekarar, majalisa ta amince da dala biliyan 700 don ceto sauran. Bankunan suka miƙe, manyansu suka ci gaba da karɓar garaɓasa, miliyoyin mutane irin maƙwabcinka suka rasa gidaje. Har zuwa wannan shekara ta 2011 kusan mutum tara cikin ɗari na masu neman aiki ba su da shi. Sai kuma a Janairun 2010 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar Citizens United cewa kamfanoni na iya kashe kuɗi ba iyaka a tallan zaɓe. Wato mai kuɗi ya ci kasuwa, ya dawo ya sayi mai yin doka.

Kirarin da suke yi, cewa su ne kashi 99 cikin ɗari, daga nan ya fito. Makon jiya ofishin kasafin kuɗi na majalisar dokoki ya fitar da rahoto: daga 1979 zuwa 2007 kuɗin shigar kashi ɗaya na sama ya ƙaru da kashi 275 cikin ɗari, na masu matsakaicin hali kuwa bai kai kashi 40 ba. Ba masu zanga-zanga suka ƙirƙiro lissafin ba, na gwamnati ne.

Wata mujallar Kanada, Adbusters, ita ta fara kiran a fito, aka taru ranar 17 ga Satumba. Na je sau uku. Akwai abinci kyauta, akwai wurin karatu cike da littattafai, akwai masu duba marasa lafiya. Da yake an hana su lasifika, mai magana sai ya faɗi jimla ɗaya, na kusa da shi su maimaita da ƙarfi don na baya su ji, kamar sanƙira a fada. Yaronka ba wurin 'yan daba ya je ba, wannan nake so ka sani kafin ka zauna da shi.

Mai gadi, Queens

To me suke so a yi? Kwana arba'in da wani abu ana kiɗa ganga, babu shugaba, babu takardar buƙatu. Ko a gida in ƙungiyar ƙwadago ta fita, an san abin da za a ba ta ta koma. Waɗannan sai wace rana? Ga sanyi ya shigo, ranar Asabar ɗin nan dusar ƙanƙara ta zuba, kuma kwana ɗaya kafin nan 'yan kwana-kwana sun kwashe musu janareto. Yaron da ya taso a zafin Kano zai kwana a kan siminti a wannan yanayin?

Tsohon ɗalibi, Brooklyn

Rashin shugaban da gangan ne, kowace shawara a taron kowa da kowa ake yanke ta, kuma gaskiya yana cin lokaci har ya gundure ka. Amma kar a ce ba a ga komai ba. Jiya Bank of America ya janye cajin dala biyar a wata da ya ce zai ɗora wa masu katin cire kuɗi, saboda yadda jama'a suka taso masa. Maganar sanyi dai na ba ka gaskiya.

Ma'aikaciyar jinya, Bronx

Alhaji, ni ba lauya ba ce, amma na bi ta hanyar takardu shekara da shekaru kafin in samu nawa, don haka ka ba ni aron kunnenka. Zuwa da rana daban, kwana daban.

Tsarin mulkin ƙasar nan ya ba kowa damar taruwa ya faɗi ra'ayinsa cikin lumana, har baƙo. Matsalar tana wajen kamu. Ranar 1 ga Oktoba fiye da mutum 700 aka kama a kan gadar Brooklyn, da yawansu suka ce bin sahun na gaba kawai suka yi suka sauka kan titin mota, ba su san laifi ba ne. In taro ya rincaɓe, ɗan sanda ba ya tambayar wa ya zo dafa abinci. Ɗan ƙasa ya biya tara ko a kori ƙarar, shi ke nan. Mai bizar karatu kuwa, duk ranar da zai sabunta biza ko ya nemi zama, takardar tana tambaya ko an taɓa kama shi, ko da ba a same shi da laifi ba. In ya ce e, sai bayani da jiran tsammani. In ya ce a'a alhali an ɗauki hoton yatsunsa, ya yi ƙarya ga hukuma, wannan kuwa ya fi kamun muni. Sannan bizar tasa a ɗaure take da cikakken karatu. Wanda ya kwana a waje ba zai tashi ya je aji ƙarfe takwas ba, in darussa suka zube takardarsa ta zube.

Dandalin ma ba na gwamnati ba ne, na kamfanin Brookfield ne, yarjejeniya ce ta sa yake buɗe dare da rana. Tsakiyar Oktoba an so a tashe su da sunan shara, aka fasa a ƙurarren lokaci. Magajin gari Bloomberg bai ɓoye cewa ya gaji da su ba. Za a dawo, kuma ina kyautata zaton da dare za a zo, lokacin da masu kyamara suka yi barci.

Shawarata: kar ka hana shi kwata-kwata, zai riƙa zuwa a ɓoye ne, ranar da abu ya faru ba ka san inda yake ba. Ku yi sharaɗi. Ya je da rana, ya dawo gida kafin isha'i. Kar ya shiga jerin gwano a kan titin mota, in 'yan sanda suka ce a watse ya zama na farkon tafiya. Akwai lauyoyin sa kai na National Lawyers Guild masu koriyar hula, ya rubuta lambarsu a hannunsa da biro kamar yadda sauran ke yi, ya rubuta taka a ƙasa.

Malam, Harlem

Abin da 'yar uwa ta faɗa ya wadatar. Zan ƙara biyu. Ƙin zalunci da ƙin riba mai cinye talaka ba abin kunya ba ne a tarbiyyarmu, kar ka nuna wa yaron kamar ya yi saɓo. Amma ka tuna masa rahoton da kamfanin dillancin labarai na AP ya fitar a watan Agusta, cewa 'yan sandan birnin nan suna sa ido a masallatai da wuraren zaman Musulmi. Mu lissafinmu ya bambanta da na abokan karatunsa. Uwarsa kuma ka faɗa mata, amma yana zaune kusa da kai, ya yi bayani da bakinsa. Ga Babbar Sallah ranar Lahadi, dama za ku kira gida.

Direban tasi, Bronx (15 ga Nuwamba)

Na gode, Allah ya saka da alheri. Ranar Sallah muka kira Yaya tare. Ta yi kuka, ta ce in dai kwana ne ba da yawunta ba, da rana kuma ta bar wa Allah da ni. Ya yi fushi kwana biyu, sannan ya yarda. Ni ma na bi shi sau ɗaya, na ajiye mota na ci shinkafarsu, ba gishiri sam.

Daren jiya, wajen ƙarfe ɗaya, 'yan sanda suka zagaye dandalin suka kwashe tantuna da littattafai, an kama kusan mutum 200. Yana gida yana barci, da asuba ya gani a waya. Yanzu na ji alƙali ya ce za su iya komawa amma ban da tanti ko shimfiɗa. Ya tafi tun la'asar neman abokansa biyu na kicin da ba a ji ɗuriyarsu ba, ya ce zai kira ni in ya kai bakin kotu.