Kuɗin shiga tsakiyar Landan: maganin gosulo ne ko haraji kawai?

Ɗan Birni:
Salamu alaikum jama'a. Tun 2003 ake cajin motocin da ke shiga tsakiyar Landan, amma har yau ana kukan cunkoso a can. Don Allah masana, ina amfanin abin?

Injiniya:
Wa alaikumus salam. Duk direban da ya hau titin da ya cika yana cin lokacin kowa da ke bayansa, kuma ko sisi ba ya biya a kan hakan. Kuɗin nan shi ne farashin wannan lokacin. Da magajin gari Ken Livingstone ya fara a Fabrairun 2003 da fam 5, motocin da ke shiga sun ragu da kusan kashi 18 cikin ɗari, jinkiri kuma da kusan kashi 30. Kyamarori ne ke karanta lambar mota, wanda bai biya ba a ci shi tara.

Inda gizo ke saƙar: kuɗin na yini ne. Ka shiga da takwas na safe ko da azahar, duk ɗaya, kuma wanda ya biya sau ɗaya sai ya wuni yana zirga-zirga. Ga motocin haya da aka yafe wa kuɗin har Afrilun 2019, suka cika gari. Ga haƙe-haƙen titi, ga layukan da aka ware wa bas da keke.

Malama Mai Lissafi:
Gaskiyarka Injiniya. Shi ya sa na fi yarda da tsarin Singafo, wanda ya koma na na'ura a 1998. Ana cire kuɗin duk lokacin da ka wuce ƙarƙashin ƙofar na'ura da aka kafa a kan titi, kuma farashin na bin sa'a. Suna so gudun mota ya tsaya tsakanin kilomita 45 zuwa 65 a sa'a kan manyan hanyoyi, 20 zuwa 30 a titunan cikin gari. In ya gaza a ƙara kuɗi, in ya zarce a rage.

Ɗan Birni:
To talaka fa, Malama?

Malama Mai Lissafi:
Sai an samar masa da abin hawa tukuna. Sitokhom, babban birnin Suwidin, ta ƙara bas-bas kafin ta gwada cajin motoci na wata bakwai a 2006, motocin da ke ƙetare iyakar yankin da ake caji suka ragu da kusan kashi 20, sannan aka kai maganar gaban masu zaɓe. Mutanen birnin suka amince, ya zama na dindindin a Agustan 2007.