Neman shawara: in riƙa yi wa motata sabis da kaina ko in ci gaba da kai ta kamfani?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni ma'aikacin gwamnati ne a Kano, ina da Toyota Corolla ƙirar 2010 mai inji 1.8, 'yar Amurka da aka shigo da ita ta Kwatano, na saye ta shekaru huɗu da suka wuce. Tun da ta shigo hannuna nake kai ta wani kamfanin dillancin motoci duk lokacin juyen mai, saboda tsoron kayan jabu da suka cika kasuwa. Sai dai tun bayan janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 da faɗuwar darajar naira, kuɗin sabis ya fara fin ƙarfin albashina. Zuwana na ƙarshe na wuni a zaune a can, da na karanta takardar lissafin sai na ga abin da aka yi bai wuce juye baƙin mai da sauya filtarsa da busa filtar iska da duba taya ba, amma kuɗin aikin ya kusa kamo kuɗin kayan. Ina da fili a gida, ina da jak da 'yan sifanu. Shin zan iya ɗaukar wannan aiki da kaina ba tare da na kashe injin ba, ko kuwa gara in daure in ci gaba da biya? Allah ya saka da alheri.

Amsar wani makanike daga Kaduna:

Wa alaikumus salam, Malam. Motarka ba ta ƙarƙashin garantin kowa, saboda haka babu abin da za ka rasa a takarda idan ka daina zuwa kamfani. Juyen mai aiki ne da kowane mai natsuwa zai iya koya, amma akwai abubuwan da nake so ka sani kafin ka kwance ko da noti ɗaya. Injin nan yana shan mai lita huɗu da ɗan ɗoriya idan an haɗa da filta, wato galan ɗaya na lita huɗu ba zai kai shi cikakken layi ba, kuma wanda ya zuba lita biyar ya wuce gona da iri. Littafin motar ya ce a zuba mai mai lamba 5W-20 ko 0W-20, wato lambar da ke nuna kaurin mai, galibi ma an rubuta a kan murfin da ake zuba man. A juye bayan mil 5,000, kimanin kilomita 8,000, ko wata shida, duk wanda ya riga zuwa. Ka lura cewa mitar motar Amurka mil take ƙirgawa, mutane da yawa suna ruɗewa a nan.

Inda sabon hannu yake yin ɓarna shi ne filta. Ta wannan ƙirar ba gwangwanin da ake murɗewa a jefar ba ce, takarda ce a cikin gida mai murfi, kuma murfin yana da nasa makulli na musamman. Na sha karɓar motocin da aka fasa musu murfin da guduma da kurfi. Sabuwar filtar tana zuwa da zoben roba, dole a cire tsohon a sa shi, a shafa masa ɗan mai kafin a ɗaure. Notin ƙasan injin da ake kwancewa a juye mai kuma yana da wasa, wato ɗan zoben da ke hana mai ɗiga, da ake sauyawa, kuma ba a ɗaure shi da ƙarfin tsiya, domin idan zaren ya cinye kuɗin gyaran zai haɗiye duk abin da ka tara. Babban gargaɗina shi ne kada ka taɓa shiga ƙarƙashin mota alhali jak kaɗai ke riƙe da ita. Ka sayi ƙarfen tokare guda biyu, ka ja birkin hannu, ka sa dutse a bayan taya.

Amsar wani dattijo, tsohon direban haya daga Zariya:

Ɗana, ni shawarata tsaka-tsaki ce. Abin da kake tsoro jabu ne, to ka sayi manka da filtarka da hannunka a wurin dila ko gidan mai da ka yarda da shi, ka duba hatimin galan ɗin bai fashe ba, sannan ka kai wa makaniken unguwa ka tsaya a kansa har ya gama. Kuɗin aikinsa kaɗan ne, yana da rami, kuma ba za ka rasa inda za ka kai tsohon man ba, domin zuba shi a kwata cutar da maƙwabta ne. Abin da ya zama naka na kullum shi ne duba sandar mai da safe kafin a tayar da inji, duba ruwan lagireto alhali injin yana sanyi, goge farin garin da ke taruwa a kan batir, da buɗe filtar iska a lokacin hunturu, don ƙurar Kano ba ta jiran wata shida. Game da mai kuwa, mu 20W-50 muka saba zubawa saboda zafin ƙasarmu.

Makaniken ya sake cewa:

Baba, da girmamawa, a kan 20W-50 ban bi ka ba. Wannan mai ya dace da tsofaffin injuna irin na Peugeot 504 da kuka tuƙa, amma injin Malam yana da na'urar VVT-i, mai daidaita lokacin buɗewar bawul ɗin inji, da ke aiki da matsin mai ta ƙananan hanyoyi, mai kauri yana jinkirin isa gare su idan an tayar da safe. Haka nan, Malam, kada ka yarda wani ya cire maka tamostat, wato na'urar da ke daidaita zafin inji, ko ya haɗa fankar lagireto kai tsaye da sunan maganin zafi, kuma ruwan lagireto mai launin hoda da kamfanin ya tanada za ka zuba, ba ruwan rijiya ba, wanda ke jawo tsatsa.

Amsar wata malamar asibiti daga Abuja:

Ni motar da nake hawa sabuwa aka saya, tana cikin garanti, shi ya sa ba na kai ta ko'ina sai kamfani, domin idan wani abu ya lalace takardun sabis za su fara tambaya. Halinka daban ne, amma ka ɗauki abu ɗaya daga wurinsu, wato rubutu. Ka ajiye ɗan littafi a cikin motar, ka riƙa rubuta rana da mil da irin man da aka zuba, ka haɗa da rasit. Ranar da za ka sayar da ita littafin zai yi maka magana. Birki da giya da wayoyin wuta kuma, don Allah ka bar wa masu aikin, saboda iyalinka kake ɗauka a ciki. Idan fitilar inji ta kunno a gaban sitiyari, a sa mata kwamfuta a karanta kafin a sauya komai.

Mai tambaya ya amsa:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na yanke shawarar juye biyu masu zuwa zan bi hanyar Baba, in sayi kayana in tsaya ina kallon yadda ake yi, kafin nan na sayi makullin filtar da ƙarfen tokaren. Na fita yanzu na duba murfin man, 5W-20 ne a rubuce, kuma na riga na sa littafin rubutun a aljihun gaban motar.