Askin Bishiyar Fulam da Hunturu: Gyara Ne Ko Kisa?

Hajiya mai lambu: Assalamu alaikum. Tun da ganye ya fara zuba nake ganin hotunan almakashi da zarto a wannan dandali, shi ya sa na ce bari in yi magana. Tuffa ku yi mata aski da hunturu yadda kuka saba. Amma fulam, wadda ake kira plum da Turanci, da 'yan'uwanta masu ƙwallo a ciki irin su ceri, ba a sa musu ƙarfe sai lokacin zafi. Wanda ya datse ta cikin sanyi, da hannunsa ya kashe ta.

Baba manomi: Wa alaikumus salam. Hajiya, kin yanke hukunci da zafi. Ni a ƙarshen hunturu nake askina, kafin toho ya fashe, kuma bishiyoyina lafiyarsu lau. A lokacin ba ganye, kana ganin kowane reshe, wanda ya gitta kan ɗan'uwansa da wanda ya juya ciki. Da ganye ya cika, ina za ki ga abin da kike yankewa? Kuma ba ni kaɗai ba, shawarar da malaman gona ke bayarwa ke nan a yawancin Amurka.

Hajiya mai lambu: Baba, a Ingila kuma akasin haka ake koyarwa. Ƙungiyar masu lambu ta RHS cewa take tsohuwar bishiya a yi mata aski tsakiyar lokacin zafi, ƙarama kuma a farkon bazararsu, wato bayan hunturu kafin zafi ya shigo, idan toho ya fara buɗewa. Ba don son rai suka faɗa ba.

Ɗan koyo: Don Allah iyayena, ku sauko da maganar ƙasa. Me sanyi yake yi wa reshen da aka yanke?

Malamin gona: Ƙanina, ba sanyin ne mai laifi ba, danshi ne da abin da ke yawo a cikinsa. Akwai wani fangas, wato ƙwayar cuta dangin fumfuna, Chondrostereum purpureum, mai haddasa cutar azurfar ganye. Yana zama a jikin mataccen itace, ya fitar da ƙwayoyinsa cikin iska lokacin kaka da hunturu idan ana ruwa. Ƙofar shigarsa sabon rauni ne. Ka yanke reshe a Nuwamba cikin yayyafi, bishiya tana barci ba ta iya rufe wurin, ka buɗe masa hanya ke nan. Da ya shiga sai ya bi cikin itacen, ya saki guba da ke raba fatar ganye da tsokarsa. Iska ta shiga tsakani, ganyen ya riƙa ƙyalli fari-fari. Idan kana shakka, ka yanke reshe mai kaurin da ya kai santimita 2.5 ka dubi bakin yankan: in ka ga tabo ruwan ƙasa a tsakiyar itacen, ita ce. Sai ka ci gaba da yankewa baya har ka wuce tabon da santimita 10 zuwa 15, inda itace ya yi fari tas. Lokacin zafi ƙwayoyin sun ragu a iska, ruwan jikin bishiya yana gudu, ƙaro yana fita ya toshe raunin da wuri. Irin fulam da ake kira Victoria, wanda Ingila ta fi shukawa, yana cikin waɗanda cutar ta fi kamawa. To ka ga inda tsoronsu ya samo asali.

Hajiya mai lambu: Alhamdu lillahi. Baba, ka ji ko?

Malamin gona: Hajiya, ki bari in ƙarasa, don ba duka na ba ki gaskiya ba. A gabashin Amurka da Kanada akwai wata cutar da ta fi damun masu fulam, wani baƙin kumburi mai kaushi da ke naɗe reshe kamar an manna masa gawayi. Fangas ne shi ma, Apiosporina morbosa. Wannan da bazara yake sakin ƙwayoyinsa, lokacin da sabon toho ke fitowa ana ruwa. Maganinsa a yanke kumburin tun a ƙarshen hunturu, kafin ya fara yaɗuwa, a sauka ƙasa da shi santimita 15 zuwa 20, a ƙone abin da aka yanke. Wanda ya jira Yuli a can ya makara. Kuma hunturunsu na ƙanƙara ne, ba irin mai laushi da yayyafi na Ingila ba. Ashe ba watan kalanda ake bi ba, cutar da ke yankinka ake bi da yanayin da take so.

Baba manomi: Madalla. Ai shi ya sa na ce Hajiya ta cika zafi.

Hajiya mai lambu: Kada ka yi saurin murna, Baba. Kai ka ce ƙarshen hunturu, mun ji. Amma waɗanda na gani da zarto yanzu, ganye bai gama zuba ba. Wannan fa, akwai inda aka yarda da shi?

Malamin gona: Babu. Askin kaka da farkon hunturu ko'ina ba shi da mai kare shi. Inda ake danshi, ga azurfar ganye ga kuma gyambon ɓawo da bakteriyar Pseudomonas syringae ke kawowa a daidai wannan lokacin. Inda ake tsananin sanyi kuma, bakin yankan ne ke mutuwa.

Ɗan koyo: To in lokacin ya yi, me zan cire? Tawa shekararta biyu da dasawa, ta yi tsiri-tsiri zuwa sama.

Baba manomi: Yaro, fara sanin irin da kake da shi. Fulam ɗin Japan tana da saurin girma, tana yin 'ya'ya har a reshen bara, tana jure aski mai yawa. Ana zaɓar mata manyan rassa 3 zuwa 5 masu fuskantar kowane ɓangare, a buɗe tsakiya rana ta shiga. Ta Turai kuwa a gajerun rassa na itacen da ya shekara biyu ko fiye take ɗaukar 'ya'ya, don haka hannu da sauƙi, in ba haka ba ka aske amfanin baɗi. Ko wacce ce, fara da busasshe da mai cuta da masu gogar juna. Kada ka bar dungu, kada kuma ka shafe har jikin gangar. Akwai ɗan kumburi a gindin kowane reshe, a gabansa kaɗan ake yanka, don shi ne ke rufe raunin. Tohon da ke fitowa ƙasa da wurin aure, wato inda aka haɗa reshen irin da ake so da gindin wata bishiya, kuwa ba naka ba ne, na gindin da aka aura ne. Tone ka fizge shi tun yana ɗanye, in ka yanke sai ya dawo da 'yan'uwansa.

Hajiya mai lambu: A nan ba mu da saɓani. Sai dai ka manta ka gaya masa cewa aski mai yawa da hunturu shi ke haifar da irin tsirin da yake kuka da shi. Bishiya ta farka da ƙarfin saiwarta duka, rassa kuma an rage, sai ta watso dogayen toho marasa 'ya'ya. Askin lokacin zafi yana kwantar mata da wannan ƙarfin. Kuma kowane lokaci ka zaɓa, ya zama ranar da gari ya bushe, ba a sa ran ruwa kwana biyu, ka goge almakashi da sifirit tsakanin bishiya da bishiya.

Ɗan koyo: Fentin da ake shafawa a bakin yanka fa?

Baba manomi: Ɓata kuɗi ne. Danshi yake kullewa a ciki.

Malamin gona: Yawancin masana sun daina ba da shawararsa, gaskiya ne. Amma a Niyu Zilan, inda azurfar ganye ta yi ƙamari, har yanzu masu gonaki suna shafa man da ke ɗauke da maganin fangas a manyan raunuka nan take bayan yanka. Wannan daban yake da fentin gida.

Hajiya mai lambu: Ni dai ina shafawa a duk yankan da sai da zarto.

Baba manomi: Ki yi ta shafawa, Hajiya. Yaro, kai dai gaya mana yadda hunturunku yake, na ruwa ne ko na ƙanƙara, kafin kowa ya sa maka watan aski.