Gurbin Jami'a a Amurka: Cancanta ko Launin Fata?

An tafka muhawara kan hukuncin Kotun Ƙolin Amurka na Yunin 2023, wanda ya hana Harvard da sauran jami'o'i duba launin fata wajen ɗaukar ɗalibai. Shawarar da ta fi karɓuwa: in da gaske cancanta ake nema, a fara soke alfarmar da ake yi wa 'ya'yan tsofaffin ɗalibai, tunda galibi masu hannu da shuni ke morarta. Wasu suka ce a kwaikwayi jihar Texas, inda tun 1997 doka ta ba zakarun kowace sakandare gurbi kai tsaye a jami'o'in gwamnatin jihar. An kuma tunatar da ɗalibai cewa kotun ba ta hana su rubuta wariyar da suka sha a takardar neman gurbi ba, ko da yake ni na ga ƙofar nan ta yi ƙanƙanta.